Wace gaisuwa ta dace da surukin da aka yi wa sarauta?

Assalamu alaikum. Don Allah masana al'ada ku fitar da ni duhu. Surukina malami ne, tun kafin aurenmu "Allah gafarta Malam" nake ce masa idan na durƙusa gaishe shi. To kwanan nan aka naɗa shi hakimi, kowa ya koma "ranka ya daɗe", fadawa kuma suna ta "Allah ya ja zamaninka". Ni bakina ya kasa sabawa. Maiɗakina ta ce in ce "Baba" kawai, amma a gaban jama'a ai sai a ga kamar na raina rawanin. Wanne ya kamata ya rinjaya, malanta, sarauta ko surukuta? Sannan "ranku ya daɗe" ya fi ladabi, ko iyayi ne? Ranar Juma'a zan je yi masa murna.