Sabuwar Mota Ma Tana Zama Akwala?

Baban 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Jiya na rabu da motar da na shekara uku ina fama da ita, kuma wallahi da na miƙa makulli ko waiwaye ban yi ba. Tun ina ɗan shekara 19 nake tuƙi, motocin da suka ratsa hannuna sun kai goma, ban taɓa gamuwa da irinta ba. Sabuwa dal na saye ta, ledar kujerun ma ni na yage da hannuna. A wata na huɗu ta fara zafi in an shiga cunkoso. Gilashin gefen direba ya maƙale a ƙasa ranar da ake tsuga ruwa. Giyarta otomatik ce, in ka taka totur sai ta yi jim, can kuma ta fizge ka. Duk wannan na haƙura. Abin da ba zan yafe ba shi ne ranar da na fito zan wuce wata babbar mota, yarana biyu suna baya, inji ya mutu ina tsakiyar wucewa. Sitiyari ya yi nauyi kamar an ɗaure shi, birki ya ƙage kamar dutse. Allah ne kawai ya sa babu mai tahowa ta gaba. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba ɓatanci na zo yi ba. Amma motar nan akwala ce tun daga masana'anta. Don Allah kowa ya faɗi mafi munin motar da ya taɓa tuƙawa, in ji ko akwai wanda ya sha abin da na sha.

Hajiya Babba: Subhanallahi! Allah ya ƙara tsarewa, ya raya mana yaran. Ni jikina ma ya yi sanyi.

Malam Mai Alli: Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Sai dai akwai gyara a maganarka. Ba a cewa sabuwar mota akwala. Akwala abin da aka mora ne har ya gaji, fenti ya koɗe, ƙofa sai da igiya, tashi sai da turi. Motar da kai ka yage ledarta ba ta cancanci wannan suna ba, ko me ta yi maka. Ka ce mai aibi ce, ko ka ce ba ta da inganci.

Baban 'Yan Biyu: Malam, yarana sun kusa halaka, kai kuma kalma ka gani?

Malam Mai Alli: Na yi maka jaje kafin in ce komai. Amma in muka bar kowa yana ɗora kalma inda ya ga dama, gobe za a ce wa jariri tsoho.

Ɗan Auta: Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Akwai motocin da aka haife su a akwale. Ga Trabant ta Jamus ta Gabas, wadda aka riƙa ƙerawa a garin Zwickau daga 1957 har 1991. Injinta silinda biyu ne irin na tsohon babur, sai an gauraya baƙin mai da fetur, hayaƙi shuɗi yana bin ta duk inda ta bi. Ƙarfinta bai wuce na doki 26 ba. Bodin ma ba ƙarfe ba ne, wata roba ce da aka haɗa da ragowar auduga. Tankin mai yana gaba, a saman inji, kuma in kana son sanin yawan manka sai ka buɗe bonet ka zura sanda. Mutum ya jira fiye da shekara goma kafin layi ya zo kansa, a miƙo masa wannan. In ba akwala ba ce, me ce ce?

Kawu Direba: Yaro, ka taɓa tuƙa ta?

Ɗan Auta: A'a Kawu, amma na karanta tarihinta sosai.

Kawu Direba: To ka ji. Ni shekara 34 na yi a kan sitiyari, kuma abin da ka lissafa yabo ne a kunnena. Tanki a saman inji yana nufin mai zai gangaro da kansa, babu famfon mai da zai mutu ya tsayar da kai. Babu lagireto, iska ce ke sanyaya ta, ke nan babu ruwan da zai tafasa. Bodin da ba ƙarfe ba, tsatsa ba ta cin sa. An ƙera fiye da miliyan uku, mutane suka riƙe su shekara da shekaru suna gyarawa da hannunsu. Motar da mai ita zai iya gyarawa da sifana biyu a gefen hanya ta fi mini wadda sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta.

Ɗan Auta: Sun riƙe ta ne don babu wata, Kawu. Da katangar Berlin ta faɗi a 1989 ai watsar da su aka yi ta yi.

Malam Mai Alli: Duk da haka sabuwar Trabant sabuwa ce. Sai ta tsufa take zama akwala. Kuna cakuɗa talauci da tsufa.

Oga Bakanike: Ku dakata in yi wa maigida bayanin abin da ya same shi, don na ga ya tsorata. Yallaɓai, birkinka bai mutu ba. A bayan fedar birki akwai wata tukunya da ke aiki da iskar da inji yake zuƙa, ita ke sa ka taka kaɗan mota ta tsaya. Inji na mutuwa, taku ɗaya ko biyu ya rage a cikinta, daga nan feda ta yi tauri. Da ka danna da dukkan ƙarfinka za ta kama. Sitiyari ma haka, in mai famfo ne, bel ɗin inji ke juya famfon. Wannan ba aibin motarka kaɗai ba ne, yawancin motoci haka suke. Abin tambaya shi ne me ya kashe injin. Famfon mai ne, ko na'urar da ke karanta juyawar karanshaf, ko waya ce ta saki? Wa ke yi maka sabis?

Baban 'Yan Biyu: Garejin da kamfanin ya amince da shi. Sau uku suna duba ta a kan wannan mutuwar, kullum su ce kwamfuta ba ta nuna komai ba.

Oga Bakanike: Shi ke nan. Masu farar riga. Sannan in faɗa maka gaskiya, da manuwal ce da ba ka shiga wannan hali ba. Muddin giya na ciki kuma ba ka taka kulochi ba, tayoyi za su ci gaba da juya inji, sitiyari da birki ba za su ƙage ba, wani lokaci ma ta sake kamawa da kanta. Otomatik ai motar mata ce da masu ƙyuya.

Hajiya Babba: A'a Oga, tsaya nan. Motar su wa? Shekara 22 ina tuƙi, da manuwal na koya, kuma na yi shekara tara da ita kafin gwiwa ta hana ni taka kulochi. Ka janye wannan magana.

Oga Bakanike: Hajiya, ba da ke nake ba.

Hajiya Babba: Da wa kake, in ba da mu ba? Kuma ku bakanikai kuna ƙin otomatik ne don da yawanku ba ku iya buɗe giyarta ba. Ku zuba mata man da ba nata ba, in ta fara zamewa ku ce halinta ne.

Oga Bakanike: Wannan zagin sana'a ne. Shugaba, kana gani.

Yaya Injiniya: Ku bar wannan. Ni abin da na sani, motar Baban 'Yan Biyu ba ta Jamus ba ce, ko bai faɗa ba. Bajamushe ba ya sakin aiki rabi da rabi.

Ɗan Auta: Yaya, Trabant ɗin daga ina take?

Yaya Injiniya: Wannan ta gurguzu ce, ba a lissafa ta.

Ɗan Auta: To ga ta Yamma. A 1997 wata mujallar motoci a Suwidin ta gwada sabuwar Mercedes A-Class, gwajin kauce wa abu a guje, motar ta kife. Sai da aka dakatar da sayarwa, aka gyara ƙafafunta, aka saka mata na'urar hana zamewa. Ga kuma NSU Ro 80 da ta fito a 1967. Har kyautar motar shekara ta Turai ta ci, amma injin nan nata mai juyawa, na Wankel, yana cinye kansa da wuri. Sauya wa mutane inji kyauta ya durƙusar da kamfanin, a 1969 aka haɗe shi da Auto Union, mai ƙera Audi, a ƙarƙashin Volkswagen.

Yaya Injiniya: Ai ka faɗa da bakinka, sun gyara. Wannan shi ne mutunci.

Uwar Gida: Shi ya sa ni tun farko Japan nake bi. Babu hayaniya, babu ƙyale-ƙyale, ka zuba mai ka tafi.

Yaya Injiniya: Anti, balan-balan ɗin kariya na Takata, kamfanin Japan, fa? Wanda in ya fashe yake watsa wa mutum gutsattsarin ƙarfe a fuska? Motoci miliyoyi aka kira a dawo da su, kamfanin ya karye a 2017. Toyota ma tsakanin 2009 da 2010 ta kira miliyoyin motoci saboda shimfiɗar ƙafa da ke danne totur da kuma feda mai maƙalewa.

Uwar Gida: Takata ai ba mota suke ƙerawa ba. Kuma har motocin Jamus ɗin naka an saka wa kayansu.

Kawu Direba: Duk wanda yake magana a nan, akwai wanda ya tuƙa ko ɗaya daga cikin motocin da yake kira?

Baban 'Yan Biyu: Abin da na tambaya ke nan tun safe, Kawu.

Malam Mai Alli: Bari in dawo da mu kan hanya. Misalan Ɗan Auta duk suna goyon bayana. Ku ɗauki Ford Pinto ta Amurka, wadda aka sayar daga 1970 zuwa 1980. Tankinta yana tsakanin tayoyin baya da bamba, in aka buge ta ta baya tana iya kamawa da wuta, har a 1978 aka kira kusan miliyan ɗaya da rabi don gyara. Wa ya taɓa ce mata akwala? Mai haɗari ce. Haɗari daban, rashin inganci daban, akwala daban. Kalmomi uku ne, kowace da gidanta.

Ɗan Auta: To Yugo fa, Malam? Ta Yugoslabiya, da ta shiga Amurka a 1985, ko shekara goma ba ta yi ba ta fice da mummunan suna.

Oga Bakanike: Yugo laifin masu ita ne. Injinta irin wanda in bel ɗin taimin ya tsinke fistin ke dukan bawul ne. Sun saye ta da araha, suka raina ta, ba su sauya bel a kan lokaci ba, inji ya buga, suka ce mota ce. Kamar yadda ake yi mana kullum.

Hajiya Babba: Har yanzu ba ka janye maganarka ba.

Oga Bakanike: Na ce ba da ke nake ba, Hajiya. Me kuma zan ce?

Malam Mai Alli: Ni ma ba a amsa mini ba. Wanda ya taɓa jin dattijo ya kira sabon abu akwala ya faɗa.

Kawu Direba: Ni dattijo ne, kuma na sha faɗa.

Malam Mai Alli: Kawu, kai a fusace kake faɗa, wannan ba hujja ba ce.

Shugaban Zaure: Jama'a, ya isa haka, bari in tattara. Na yi shekara 15 ina dillancin motoci, na san wannan magana ciki da bai. Abin da zaure ya cimma shi ne: na ɗaya, Malam ya yi gaskiya, sabuwar mota ba ta zama akwala, don haka a daina ɓata wa masu sayar da mota suna da irin wannan kalma. Na biyu, Oga Bakanike ya tabbatar da cewa birkin Baban 'Yan Biyu lafiyarsa ƙalau, rashin sanin yadda ake taka shi ne. Na uku, misalin Yugo ya nuna cewa yawancin matsala daga riƙo take. Su Trabant da Pinto kuwa tsohon zance ne, motocin yanzu sun wuce nan. Maganar otomatik an yafi juna. Ina ba ɗan'uwanmu shawara nan gaba ya nemi wanda ya san mota ya raka shi kafin ya saya.

Hajiya Babba: Ni ban yafe ba, Shugaba. Kada ka rubuta abin da ban faɗa ba.

Oga Bakanike: Ni ma ban ce laifinsa ne ba. Cewa na yi a nemo abin da ya kashe injin, kuma har yanzu ba a nemo ba.

Baban 'Yan Biyu: Shugaba, littafin sabis ɗin na ɗauki hotonsa kafin in miƙa motar. Hatimi tara ne a ciki, ko sau ɗaya ban tsallake lokaci ba. Yarana har yau in muka zo wuce babbar mota sai su riƙe kujera. Zan tura hoton yanzu, ka duba ka nuna mini inda riƙona ya gaza.