Me ya sa dinarin Kuwait ya fi dala tsada, alhali mu ma muna da mai?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata muhawara ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin 'yan canjinmu na Ikeja. Dinari ɗaya na Kuwait ya haura dala 3. Su mai suke sayarwa, mu ma mai muke sayarwa, kuma duk muna cikin OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai. To a ina aka rabu? Wasu sun ce adalcin sarakunansu ne, wasu sun ce Amurka ce ke tallafe da su. Masana a fayyace mana da lissafi don Allah.

Malam na Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Agege, fara da rabon gado kafin ka je ga adalci: nawa aka bari, magada nawa ne?

Faɗin Kuwait bai kai murabba'in kilomita 18,000 ba, wato jihar Kano ma ta ɗan fi ta. Iraƙi na arewa da ita, Saudiyya na kudu, gabas kuma teku. Mazaunanta kusan miliyan 5 ne, amma 'yan ƙasa na asali kusan miliyan ɗaya da rabi ne kacal, sauran baƙi ne 'yan ci-rani daga Indiya, Masar, Bangladesh da Filifin. Tana haƙo ganga kusan miliyan 2 da rabi a kullum. Raba ka gani: kowane ɗan ƙasa ya tashi da fiye da ganga ɗaya da rabi a rana. Najeriya na haƙo ganga miliyan ɗaya da rabi ko kusa da haka, mu kuwa mun haura miliyan 200. Ganga ɗaya ta mutum 140 ce, ko fiye.

Sai kuɗin haƙowa. Rijiyoyin Burgan na Kuwait, waɗanda aka gano a 1938 aka fara fitar da mansu a 1946, a kan tudu suke, kusa da tashar jiragen ruwa ta Ahmadi, kuma man ba ya wahalar fitowa. Namu da yawa yana cikin fadamun Neja Delta ko can tsakiyar teku kamar Bonga da Egina, inda haƙowa ke cin kuɗi sosai, ga fasa bututu da sata, ga kason kamfanonin waje. Su kuwa tun 1975 gwamnati ta karɓe kamfanin man gaba ɗaya. Abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasarsu ya kai ganga biliyan 101, namu kusan biliyan 37.

Alhaji na Broad Street:

Lissafin Malam daidai ne, amma akwai ruɗanin da ya kamata ɗan canji ya fita daga ciki. Tsadar takarda ɗaya ba ita ce ƙarfin tattalin arziki ba. Kuɗin Japan sama da 100 ake bayarwa a dala ɗaya, wa zai ce Japan talaka ce? Da aka fito da dinarin a 1961, shekarar da suka sami 'yanci daga Ingila, daidai da fam ɗaya aka yanka shi. Tun asali babba aka haife shi. Abin yabawa shi ne yadda suka hana shi zubewa shekara sama da 60.

Yadda suke yi: babban bankinsu ba ya sakin dinari kasuwa ta yanka masa farashi. Tun 2007 an ɗaure farashinsa da na wani rukunin kuɗaɗen waje da dala ta fi yawa a ciki. Ɗauri irin wannan yana tsayawa ne kawai idan duk wanda ya kawo dinari yana neman dala za a ba shi nan take a farashin da aka faɗa. Su suna da dalar. Mu lokacin da aka riƙe naira a farashin gwamnati, buƙata ta fi dalar da ke hannu yawa, shi ya haifi farashi biyu, har aka saki nairar kasuwa ta yanka mata farashi a Yunin 2023.

Ga 'yan'uwa masu karɓar takarda a hannu, a kula da abu biyu. Na farko, samfurin dinarin Kuwait da ke aiki shi ne na 2014, mai takardun kwata, rabi, 1, 5, 10 da 20. Wanda ya gabace shi an janye shi a 2015, akwai ma wani tsoho da aka soke bayan sojojin Iraƙi sun kwashe shi a 1990. Na biyu, a karanta sunan babban bankin da ke jiki. Dinarin Iraƙi ma dinari ne, amma sai ka tara sama da 1,000 kafin ka sami dala ɗaya. Sabon yaro a bakin aiki nan ake cin sa.

Hajiya ta Obalende:

Alhaji, ka ce suna da dalar, bari in faɗi inda ta fito, don ba ta man yau kaɗai ba ce. Tun 1953 suka buɗe ofishin zuba jari a Landan. A 1976 aka kafa asusun 'yan baya, doka ta ce a zuba kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati duk shekara, kuma ba a taɓa shi sai da wata dokar. Ranar da ya yi amfani ta zo: Saddam ya mamaye su ran 2 ga Agusta 1990, aka kore shi a Fabrairun 1991, sojojinsa suka cinna wa rijiyoyi sama da 600 wuta, ba a gama kashewa ba sai Nuwamba. Da wannan ajiya aka sake gina ƙasar. Mu asusun rarar mai na 2004 rabawa aka yi ta yi, na 2011 kuma da dala biliyan 1 kacal aka fara shi. Wannan bambancin ba na yawan jama'a ba ne, na hali ne, kuma yana yi mini ciwo.

Amma masu cewa komai lafiya lau a can su yi hattara. Kusan kashi 90 na kuɗin gwamnati daga mai yake. Ba a karɓar harajin albashi, yawancin 'yan ƙasa masu aiki ma'aikatan gwamnati ne, albashi da tallafi ke lashe mafi yawan kasafi. Tun faɗuwar farashin mai a 2014 kasafin ke zuwa da giɓi kusan kowace shekara, har a 2020 aka gyara doka cewa sai an sami rara za a zuba wa asusun 'yan baya. Siyasa ma ta taimaka wajen cijewar abubuwa: gidan Al Sabah ke sarauta, a da akwai majalisa mai zaɓaɓɓu 50 bisa tsarin mulkin 1962, wadda ta yi ta takun-saƙa da ministoci. A Mayun 2024 Sarki Mishal ya rushe ta, ya dakatar da wasu sassan tsarin mulkin na tsawon da zai iya kai shekara 4.

Malam na Idi-Araba:

Hajiya ta gyara mini, na karɓa. Ƙari ɗaya: ƙasar ba ta da kogi ko ɗaya, ruwan sha daga teku ake tace shi, kuma da mai da gas ake kunna injinan. Zafi ya taɓa kusantar digiri 54 a Mitribah a 2016, shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki ke shanye wutar, har aka yi ta ɗauke ta bi da bi a bazarar 2024. Matatarsu ta Al-Zour ganga 615,000 take tacewa a rana, ta Dangote da ke Lekki an gina ta a kan 650,000, to a nan kam ba su fi mu ba.

Matasanmu da ejan ke ruɗa da albashin dinari su tambayi lambar biza: mai lamba 18 ta kamfani ce, mai lamba 20 ta aikatau a gida, kuma zamanka a ɗaure yake da wanda ya ɗauko ka, ba ka canza aiki yadda ka so. A ga kwantiragi a rubuce kafin a biya ko sisi.