Akuyata ta iya zare sakata, yanzu 'yarta ma ta iya

Maman Sadiƙ, Jekadafari:
Assalamu alaikum. Ina da wata jar akuya da ta addabe ni. Ɗakin da nake ajiye dusa da harawa sakata gare shi ta ƙarfe, sai ta miƙe tsaye ta dafa ƙofar, ta yi ta tura sakatar da hanci har ta zare. Sau biyu ina dukan Sadiƙ a kan ya bar ƙofa a buɗe, ashe yaron Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. To jiya da idona na ga 'yarta mai wata biyar tana yin haka. Koya mata ta yi, ko a jini yake?

Ɗan Fadaman Mada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kalla kawai ta yi. Ki je Yankari ki ga gwaggon biri a wajen ruwan ɗumi na Wikki. Ina zaune da ledar burodi, wani ya zo ya fizge, ƙananan suna gefe sun zura ido. Gobe su ne ɓarayin.

Malamin Kimiyya, Pantami:
Hajiya, a biri zan yarda, a akuya ina da ja. A 2014 masu bincike a Ingila sun ba awaki 12 wani akwati da sai an ja ƙarfe da baki an ɗaga shi da hanci kafin abinci ya faɗo. Tara suka iya, kuma bayan wata 10 ba su manta ba. Amma waɗanda suka fara kallon wata tana yi ba su riga sauran iyawa ba. Ina ganin uwar ta jawo hankalin 'yar zuwa ƙofar ne, ƙamshin dusa ya riƙe ta, sauran ita ta laluba da kanta.

Koyarwa ta gaske akwai ta a wata dabba mai kama da tunku a hamadar Kalahari: babba yakan kawo wa yaro matacciyar kunama, in ya tasa a kawo mai rai da aka cire wa ƙari, daga baya lafiyayya. Birran da mai binciken birai Jane Goodall ta gani a Gombe a 1960 suna zura tsinke cikin suri su ciro gara, 'ya'yansu da kallon iyaye suke koya. Gomben Tanzaniya fa, kada wani ya tafi Dadin Kowa nema.

Maman Sadiƙ:
Malam na gode, amma da ka ga yadda uwar ta tsaya tana kallonta, da ba ka ce haka ba. Na dai aiki Sadiƙ ya sayo kwaɗo. Na kuma ƙara masa naira 200, kuɗin dukan banza.