Wankin baban yara

Matar maƙwabcinmu ta tafi gida wankan jego, wankin yara ya dawo kansa. Ya haɗa farar rigar makarantar 'yarsa da sabuwar atamfa a bokiti ɗaya, ya zuba omo, suka kwana. Da safe riga ta koma ruwan hoda. Da maganar ta iso tsakar gidanmu, sai da mata suka sha dariya kafin su ba da shawara.

Fari daban, mai launi daban. Sabuwar atamfa ita kaɗai ake fara wankewa, a ga ko tana zuba. Shadda aka fi daɗewa a kanta: ba a jiƙa ta a omo, ba a cuɗa ta da ƙarfi, sabulu da ruwan sanyi kawai, a shanya a inuwa, sannan a kai wa masu bugu. Wata ta ce gishiri na kama launi, Inna ta ce ba ta taɓa ganin ya hana zuba ba. Ni ina bayan Inna. Bula kuma a dama ta a ruwa tukuna, kada riga ta fito dabbare-dabbare. Da damina, kayan da aka ninke da danshi funfuna suke yi.