Ana kallon status ɗina amma ba a sayen dabinon, wai sai na iya ba da labari

Sani, Madina:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aiki a shagon dabino a nan Madina, mai shagon ya yarje mini in nemo masu saye daga gida, a riƙa aika musu ta kargo zuwa Kano da Kaduna. Kullum ina ɗora hoton kwali da farashi a status na WhatsApp: ajwa, safawi, mabrum, sukkari. Mutum ɗari biyu da wani abu ke kallo, amma sai a yi mako ba wanda ya ce uffan. In ma an yi magana, "nawa ne na ƙarshe?" ne, daga nan shiru. Wani ya ce mini hoto ba ya sayar da kaya, labari ke sayarwa. Tatsuniya zan yi wa dabino? Don Allah a warware mini dalla-dalla.

Hajiya Maman Hanan, Jidda:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba Gizo da Ƙoƙi ake nufi ba. Ka ɗauko mutum ɗaya mai damuwa ɗaya, ka nuna yadda kayanka za su raba shi da ita, shi ke nan labari. Kuma mutumin ba kai ba ne, mai sayen ne. Matar da ke Kano, da za ta tura kuɗinta Madina ga wanda ba ta taɓa gani ba, me ke cin ranta? Kar a ba ta safawi da sunan ajwa, kar kuma kaya su iso sun yi tsami. Hoton kwali bai amsa mata ko ɗaya ba, shi ya sa take kallo ta wuce.

Bidiyon farko kar ya haura daƙiƙa 45. Daƙiƙa ukun farko kar ka ɓata su da doguwar gaisuwa, nan ne yatsa ke turewa. Buɗe tafin hannunka da ƙwaya biyu, ka ce: "Ɗaya ajwa ce, ɗaya ba ita ba ce, wa ya gane?" Sai ka matso da kyamara. Ajwa ƙarama ce, ta kusa zama kewayayya, baƙa, da siraran layuka a fatarta. Safawi ta fi ta tsawo da laushi. Tsaga kowacce da yatsa a ga cikinta da ƙwallon. Daga nan ka faɗi abin da masu ha'inci ke ɓoyewa: safawi ma ta Madina ce, tana da daɗi, amma kuɗinta bai kai na ajwa ba, kuma kana da duka biyun, kowacce da farashinta. Ƙare da umarni guda: "Rubuto mini kilo nawa da garinku."

Tsaya bakin ƙofar shago inda hasken rana ke shigowa, don fitilar cikin shago na sa dabino ƙyallin da ba nasa ba, in kaya suka isa a ce ka canza. Goge idon kyamarar, ka yi nesa da ƙarar na'urar sanyi. Ka rubuta sunan kowane iri a kan bidiyon, da yawa suna kallo ne ba sauti.

Abu Yasir, Buraida:
Hajiya ta gama magana kan ginin. Ni sai in ƙara da inda ake samo labarin, don mako biyu za ka yi ka ji kamar ya ƙare. Dabino yana da asali da lokaci. Ajwa da safawi da ambar na Madina ne, sukkari na nan Ƙasim ne, khalas na Ahsa. Ana girbi cikin tsananin zafi, a watan Agusta kasuwar dabinon Buraida ke cika da motoci tun asuba. Duk wannan abin ba da labari ne: ranar da sabon kaya ya sauka, yadda ake tsince mai ƙwari, yadda ake awo a ga allurar sikeli, yadda ake naɗe kwali, har rasit ɗin kargo.

Sukkari kaɗai ya ishe ka bidiyo biyu. Akwai rutab, mai laushi da ruwa-ruwa, wanda ke zama a firji. In ya kwana uku cikin zafin ɗakin ajiyar kargo sai ya fara tsami, ledar ta kumbura. Akwai mufattal, wanda ya fi bushewa, shi ke jure tafiya. Ka fito fili ka ce ba ka aika rutab sai ta hannun matafiyi mai tashi a ranar. Wanda ya ji ka hana kanka ciniki don kar ya yi asara, ya riga ya fara yarda da kai.

Lokaci kuma: muna gaba da Nijeriya da awa biyu. In ka ɗora ƙarfe takwas na safe a nan, can shida ne. Ɗora wajen goma na dare, ya faɗo musu bayan isha'i. Na azumi ka fara tun Rajab, ba ranar ganin wata ba, lokacin kargo ya cushe.

Garba Mai Lissafi, Riyad:
Ni fa ina da ja kaɗan. Labari ba ya maye gurbin farashi. Ana samun mai bidiyo mai kyau, an gama jin daɗi sai ya ce "a shigo ta ciki a ji kuɗi". Rabin mutane ba za su shigo ba, suna zaton tsada ce ko kuma kowa da nasa farashin. Sani, cikin kowane ɗori huɗu, uku su zama labari, na huɗun ya zama farashi tsaf: kilo, kuɗin kargo, kwanakin isowa, da ranar da farashin zai tashi, tunda canjin riyal da naira ba ya zama wuri guda.

Kuma daina ƙirga masu kallo. Ɗauki littafi, ka ja layi huɗu: rana, abin da ka ɗora, mutum nawa suka yi tambaya, nawa suka biya. Bayan wata ɗaya za ka ga irin labarin da ke kawo kuɗi. Status awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka bidiyon da ya ja tambaya ka adana shi, ka tura wa duk sabon mai tambaya. Jerin aika saƙo na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya ajiye lambarka zai samu.

Malam Idrisu, Makka:
Allah ya yi albarka. Gargaɗi biyu, ɗana. Falalar ajwa ta zo a hadisi ingantacce, ka faɗe ta yadda ta zo ka tsaya. Kar ka ɗora mata maganin sikari ko hawan jini, kar kuma ka ƙirƙiro wata baiwar Allah da ta ci ta warke. Rantsuwa ma ka rage, tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka.

Na biyu, dokar ƙasar nan. Ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal 500,000, don haka kyamara ta tsaya kan hannunka da kaya, ba kan alhazan da ke shagon ba. Tun 2022 talla a shafukan sada zumunta na buƙatar lasisin Mawthooq, riyal 15,000 na shekara uku, kuma an hana baƙi yin talla ba izini. Kai mai iƙama ne, wato baƙo mai takardar izinin zama. Komai ya fita da sunan shagon da ke da rajista, kuɗi su bi ta hannun mai shi, ku zauna ku tantance wannan kafin ka faɗaɗa zuwa TikTok ko Instagram.

Sani, Madina:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tambaya ɗaya: in kwali ya isa ya lalace, mai shi ya yi ƙorafi, in ɓoye ko in nuna?

Hajiya Maman Hanan, Jidda:
Fara biyan sa tukuna, ko canji ko kuɗinsa, cikin kwana biyu. Sannan ka nemi izininsa, ka rufe sunansa da lambarsa, ka nuna hoton kwalin, ka faɗi abin da ya jawo da abin da ka gyara: leda mai kauri ce, ko rage tsawon ajiya, ko daina aika wannan irin da zafi. Sau ɗaya ya isa, kar ka mai da shi waƙa. Kafin nan ma, buga takardar liƙawa mai sunan shagon da lambar waya, ka manna a cikin murfin kwali ba a waje kaɗai ba. Ledar waje masu kargo ke yayyagawa, kuma dabinon Madina rabonsa ake yi gida-gida. Maƙwabciyar da aka ɗiba wa ƙwaya bakwai, a cikin murfin nan za ta ga wanda za ta kira.