An tura Auta Ebonyi bautar ƙasa

Gwaggo: Assalamu alaikum. Takardar Auta ta fito, Ebonyi aka tura shi. Ni ra'ayina bai canza ba: a bar kowane yaro ya yi hidimar nan a jiharsa. Makarantun ƙauyukanmu na kukan rashin malamai, sai a ɗauke mana shi zuwa uwa duniya?

Kawu: Hajiya, in aka yi haka ai an kashe abin ke nan. Gowon ya kafa shi a 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, don ɗan Kano ya kwana a garin Ibo ya ga su ma mutane ne. Ni a Imo na yi. Tsohuwar da na kama haya a gidanta ba ta taɓa zama da mai azumi ba, amma ita ke buga min ƙofa da sahur, ta ɗumama min miya. Har yau 'ya'yanta kan kira ni da Sallah.

Gwaggo: Alhaji, zamaninku daban. Ka manta yaran da aka kashe a Bauchi bayan zaɓen 2011? Aikin zaɓe aka sa su, gawa aka mayar wa iyayensu. Su ma 'ya'yan wasu ne. Ga hanya yanzu, kowa ya san halin da take ciki.

Yaya Babba: Gwaggo, tsoronki gaskiya ne, amma bari in faɗi abin da nake gani a makarantarmu. Masu koyar da lissafi da kimiyya a wurinmu 'yan bautar ƙasa ne daga Kudu. Ran da aka ce kowa ya zauna gida, mu za mu fi kowa asara, don sun fi mu yawan masu digiri. Abin da ke ci min rai shi ne aikin al'umma na mako-mako. Da yawa sa hannu kawai suke yi su watse. Bara wata yarinya Bayarabiya ta bi 'yan kasuwa shago-shago da kakinta, ta tara kuɗi aka gyara famfon makarantar da ya shekara biyu a mace. Ita kaɗai.

Kawu: Wannan laifin jami'o'i ne. Yaro ya yi shekara huɗu bai taɓa share kwatar unguwar da ke bayan katangar makarantarsa ba, sannan a ce sati uku a sansani su koya masa hidima?

Auta: Gwaggo, ki yi haƙuri, ina son zuwa. Ban taɓa wuce Abuja ba. Alawus ma ya koma dubu 77, zan iya riƙe kaina.

Gwaggo: Dubu 77 ba ta sayen rai, Auta. Ban sauka daga ra'ayina ba. Amma tunda ka ƙudura, Allah Ya tsare. Kada ka hau motar dare, kuma in ka isa Lakwaja ka kira ni.