Python don littafin bashin shago: ta ina za a fara?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Shagon maigidana a Kantin Kwari yake, atamfa da shadda, sari da ɗaiɗai. Littafin bashi ya yi kauri har sai an daɗe ana juya shafi kafin a gano abin da ake bin mutum. Ina so in rubuta ɗan abin da zai riƙe sunan kwastoma, lambar wayarsa, turmi nawa ya ɗauka, nawa ya bayar, nawa ya rage. An ce Python ya fi sauƙi. Kwamfutar tsohuwa ce, Windows ce a kanta.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Python zai yi. Amma fara duba wace Windows ce. In 7 ce, Python 3.8 ne na ƙarshe da zai hau kanta, shi ma an daina yi masa gyara tun Oktoban 2024. In 10 ce ko 11, ɗauko na baya-bayan nan daga python.org, wajen megabait 30 ne. Lokacin sakawa akwai ɗan akwati a ƙasan shafin farko, Add python.exe to PATH, ka yi masa maki, don yawancin masu cewa "na saka amma ba ya tashi" shi suka tsallake. Kuma duk darasin da ka ga an rubuta print "sannu" ba a cikin baka biyu ( ) ba, na Python 2 ne, rufe shi. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020. Wurin rubutu kuwa, Thonny ya ishe ka, ba shi da nauyi, kuma yana nuna maka abin da kowane layi ya yi ɗaya bayan ɗaya.

Malamar Lissafi: Ƙanena, tunda kuɗin mutane za ka riƙe, kada ka ajiye su a float, wato lamba mai ɗigo. Buɗe Python ka rubuta 0.1 + 0.2, zai ba ka 0.30000000000000004. Ba shi kaɗai ke haka ba. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, kuma ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa a wannan tsari, don haka sai ta yanke shi. Ba za ka ji ba sai ranar da ka tambaye shi ko abin da aka biya ya yi daidai da bashin, ya ce a'a, alhali a ido lambobin ɗaya ne. A Kwari ba wanda ke ciniki da kwabo, saboda haka ajiye naira a int kawai, wato cikakkiyar lamba marar ɗigo, shi ba shi da iyakar girma a Python. In dole sai da kwabo, yi amfani da Decimal("2500.10"), da alamar zance a jikin lambar. Ka cire alamar, kuskuren float ɗin ya riga ya shiga.

Sai rabawa. Alamar / kullum float take dawo da shi, ko da 10 / 2 ne za ka ga 5.0. Misali turmi na naira 25,000, yadi shida: divmod(25000, 6) zai ba ka 4166 da ragowar 4. Ragowar nan kai za ka yanke hukuncin inda za ta, ba kwamfuta ba. Kada kuma ka dogara da round, domin round(2.5) 2 yake bayarwa, round(3.5) kuma 4, yana karkata ne ga lambar da ke rabuwa biyu.

Autan Zaure: Malama a ƙara masa da input, umarnin da ke karɓar abin da aka buga a kibod. Duk abin da aka buga masa rubutu yake ɗaukarsa, ba lamba ba. "500" + "200" zai fito "500200", kuma "9000" > "10000" zai ce gaskiya ne, don harafin farko yake dubawa. Sai ka nannaɗe shi da int. In yaron shago ya buga 25,000 da waƙafi, int zai yi tutsu, don haka a fara cire shi da .replace(",", "").

Baba na Fagge: Abin da Auta ya faɗa shi ne asalin halin harshen, gara yaron nan ya san shi tun yanzu. Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fara rubuta shi a ƙarshen 1989 a cibiyar bincike ta CWI da ke Amstadam, ya fitar a 1991, kuma abin da ya sa a gaba shi ne a iya karanta kod ba wahala. Shi ya sa tazarar farkon layi ta zama doka: yawanci sarari huɗu a ƙarƙashin if ko for, kuma in ka cakuɗa su da Tab ya ƙi tashi. Wannan ni ban ga aibunsa ba, yana hana ƙazamin rubutu. Inda nake da ja shi ne, Python ba ya bincika nau'in abu kafin ya fara aiki. In ka yi kuskuren harafi a sunan wani abu cikin sashen da ke fitar da lissafin ƙarshen wata, ba zai ce uffan ba sai ƙarshen watan, Alhaji na tsaye a kanka. Maganinsa biyu. Ka rubuta nau'in kowane abu, kamar def saura(bashi: int, biya: int) -> int, wanda aka shigo da shi a 3.5, sannan ka bi kod ɗin da mypy, manhajar da ke duba nau'ikan nan, don shi Python kansa ba ya tilasta wannan rubutu. Na biyu, kowane sashe ka gwada shi da bayanan ƙarya kafin ka zuba na gaske.

Na Sabon Gari: Baba, a yi min afuwa, amma duk wannan Excel ba zai yi ba? Shafi ɗaya, SUMIF, an gama. Me zai kai shi koyon harshe?

Baba na Fagge: Zai yi, ɗana, in mutum ɗaya ne ke taɓa fayil ɗin. Matsalar, kowa na iya goge layi ko ya canja lamba ba tare da an ga sawu ba, kuma jera column ɗaya a bar sauran ya isa ya ɗora bashin wani a kan wani. Excel ɗin a bar shi wurin fitar da rahoto.

Injiniya: Ga inda darussan waje ba za su taimake ka ba: sunayenmu. A Windows, in ka buɗe fayil da open ba ka faɗi tsarin haruffa ba, Python yakan ɗauki tsohon tsarin cp1252, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsa, babu ma alamar ₦. Ranar da ka zo ajiye Ɗanladi sai ka ga UnicodeEncodeError. Kullum rubuta encoding="utf-8". In CSV ne, wato fayil ɗin tebur da waƙafi ke raba gurabensa, da za a buɗe a Excel, sa "utf-8-sig", in ba haka ba Excel ya mayar da ƙugiyoyin tarkace.

Jera sunaye ma haka. sorted lambar harafi yake bi, don haka Ɗanjuma da Ƙasimu za su koma can bayan Zubairu. Dabarar ita ce a wurin key ka mayar da sunan ƙananan haruffa, ka musanya ɗ da "d~", ƙ da "k~", ɓ da "b~". Alamar ~ tana bayan z a lissafin kwamfuta, sai Ɗ ya zauna bayan duk masu D, kafin E. Wurin nema kuma, yaran shago ba za su tsaya neman ƙugiya a kibod ba, D za su buga. Ajiye kwafin sunan na biyu marar ƙugiya don bincike, kuma da hannu za ka yi musanyar, domin unicodedata.normalize da ke cire wa é alamarsa ba ya taɓa namu haruffan, su ba harafi da ƙari ba ne, harafi ɗaya ne cur.

Malamar Lissafi: Ga su Rabi'u da Asma'u da Sa'adatu. In ka haɗa umarnin SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, da hannu kana liƙa sunan a ciki, alamar da ke tsakiyar sunan za ta rufe zancen tun bai ƙare ba, umarnin ya karye. Ta wannan ƙofar ce ma ake yi wa manhajoji kutse. Sa alamar tambaya ka miƙa sunan daban: execute("SELECT * FROM ciniki WHERE suna = ?", (suna,)). Lura da waƙafin da ke bayan suna, ba ado ba ne.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai. To ke nan ba a CSV zan ajiye ba? Kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa fa? Batirin kwamfutar ya mutu.

Injiniya: Wannan ne ma dalilin da ya sa za ka bar CSV. Buɗe fayil da "w" yana share abin da ke ciki nan take, kafin a rubuta sabon. Wuta ta tafi a wannan tsakanin, fayil ɗin ya zama fanko. Koma sqlite3, ɗan rumbun bayanai mai aiki da SQL. Tare da Python yake zuwa, ba sai ka sauke komai ba, kuma duk rumbun fayil ɗaya ne. Shi ko dai cinikin ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba sam. Sharaɗin kawai ka kira commit bayan kowane ciniki, in ka manta, ka rufe, abin da ka shigar ya tafi.

Tsarin teburin kuwa, kada ka yi gurbin "saura" kana canja shi. Kowane ɗauka layi ne, kowane biya layi ne, da kwanan watansa, sauran kuma SUM ya fitar. Ranar da kwastoma ya zo yana musu, sai ka karanto masa tun daga turmin farko. In an yi kuskure a ƙara layin gyara, kada a goge.

Lambar waya ka sa ta TEXT. In ka sa INTEGER, sifilin farko zai faɗi, lamba goma sha ɗaya ta koma goma. Excel ma haka yake yi wa CSV. Wadda ta riga ta lalace .zfill(11) zai mayar mata da shi. Kwanan wata kuma shekara, wata, rana, kamar 2025-03-04, ya jeru da kansa, kuma ba rikicin ko 4 ga Maris ne ko 3 ga Afrilu irin na tsarin Amurka.

Autan Zaure: Yaya, kada ka sa wa fayil ɗinka suna sqlite3.py ko csv.py. Python zai ɗauko naka ya bar na asali, ka yini kana neman abin da ya faru. Kuma kada a rubuta kod a Word, yana lanƙwasa alamar zance, Python ya ce invalid character.

Na Sabon Gari: To tunda an rinjaye ni, ga tawa gudummawar. Rahoton Excel da openpyxl ake yinsa, shi sai an sauke. In babu data a shago, je inda akwai intanet ka buga pip download openpyxl -d kaya, ka kwafe jakar a filashi, a shago kuma pip install --no-index --find-links kaya openpyxl. Shi da Python zalla aka rubuta shi, don haka zai hau ko'ina. Irin su pandas ne ke buƙatar Python ɗin can da na nan su zama iri ɗaya.

Ɗan Kwari: Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: kwafin ajiya, in jawo fayil ɗin zuwa filashi kawai?

Baba na Fagge: In manhajar a rufe take, eh. In a buɗe take kana iya kwafo rabin ciniki. Akwai backup a cikin sqlite3 tun 3.7, sa shi ya gudana duk lokacin tashi, ya liƙa kwanan wata a sunan kwafin don na yau kada ya danne na jiya. Filashin kuma ya kwana a gida, ba a shago ba. Duk wata ka buɗe kwafi ɗaya a wata kwamfutar ka ga jimillar bashin ta yi daidai da ta shago.